Kafin Ka Danna "Gyara Yanzu": Gaskiyar Difrag, Manhajojin Share Waya da Sabunta Na'ura

Kusan duk mai riƙe da wayar Android ya san irin tallan nan. Kana tsaka da kallon bidiyo ko karanta labari, sai allo ya yi ja, a ce maka wayarka ta cika da shara, ko ƙwayoyin cuta sun kama ta, ga kuma wani ƙaton maɓalli yana ƙyaftawa wai ka danna a gyara maka nan take. Masu kwamfuta ma ba su tsira ba. Su kuma ana ce musu ma'adanarsu ta warwatse, sai sun sauke wata manhajar difrag kafin na'urar ta dawo da gudu.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk manhajar da za ta taɓa ma'adanar na'urarka ko tushen tsarin da ke tafiyar da ita, aikin tiyata take yi, kuma ba kowa ake miƙa wa wuƙar tiyata ba. A mafi yawan lokuta abin da kamfani ya saka a cikin na'urar tun daga masana'anta ya wadatar. Haka batun sabuntawa yake: wanda ya ƙi ta gaba ɗaya ya bar ƙofa a buɗe, wanda kuma yake rige-rigen danna duk abin da aka kira gyara yana caca ne da hotunansa, takardun makarantarsa, har da asusunsa na banki.

Wai mene ne difrag ɗin?

Tsohuwar ma'adanar kwamfuta, wadda ake kira HDD, faifai ne na gaske da ke juyawa a ciki, yawanci sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. A samansa akwai wani ɗan siririn hannu da ke kai-kawo yana rubutawa yana karantawa. Idan ka daɗe kana ajiye abubuwa kana gogewa, sai guraben da babu komai su zama ƙanana a wurare daban-daban. Ranar da ka zo ajiye babban fayil, sai kwamfuta ta gutsuttsura shi, ta cusa wani yanki nan, wani can.

Ka ɗauka ɗan kasuwa ne da ya raba kayan kwastoma ɗaya a shaguna biyar a layi daban-daban na Kantin Kwari. Kayan suna nan lafiya, amma kafin yaron shago ya zagaya ya haɗo su, lokaci ya tafi. Kowane tsalle da hannun nan zai yi daga wannan wuri zuwa wancan yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Kaɗan ne a ido, amma idan fayil ya kasu gida ɗari-ɗari, za ka ji nauyin. Aikin difrag shi ne tattaro gutsattsarin a jera su wuri guda, domin hannun ya daina yawo.

Ke nan difrag magani ne na cuta guda ɗaya tak: yawon da hannu ke yi a kan faifai mai juyawa. Inda babu faifai babu hannu, babu wannan cutar.

Wayarka ba ta da faifai

A cikin wayarka babu abin da ke juyawa. Ma'adanarta guntun lantarki ne, nau'in eMMC a ƙananan wayoyi ko UFS a manya, 'yan uwan SSD da ke cikin sababbin kwamfutoci. Irin wannan ma'adana tana isa ga kowane lungu nata cikin lokaci kusan iri ɗaya, don haka jera fayiloli wuri guda ba ya ƙara mata wani gudun a-zo-a-gani.

Akwai ma abin da ya fi haka. Kowane ƙwayar ajiya a cikin wannan guntu tana da iyakar adadin rubutu da gogewar da za ta ɗauka kafin ta gaji. Shi ya sa akwai ɗan ƙaramin mai kula a cikinta da ke rarraba rubutu da gangan, don kada wani sashe ya riga wani mutuwa. Idan ka sa manhaja ta riƙa kwashe bayanai tana sake rubuta su ba gaira ba dalili, kana cinye kwanakin ma'adanar ne a banza. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Abin da irin wannan ma'adana ke buƙata wani aiki ne daban mai suna TRIM, wato tsarin na'ura ya sanar da ita guraben da aka goge don ta share su tun kafin a buƙace su. Android tana yin wannan da kanta tun fitowar Android 4.3 a 2013, yawanci lokacin da wayar ke ajiye ba a amfani da ita. Windows ta fara goyon bayansa tun Windows 7 a 2009. Saboda haka duk manhajar da ta ce za ta yi wa wayarka difrag, ko dai mai ita bai san aikinsa ba, ko kuma ya san abin da yake nema a wurinka.

Idan kwamfutarka mai HDD ce fa?

Nan batun yake da tushe, domin da yawa daga cikin laftof na hannu da ɗalibai ke saya a Beirut Road da ke Kano da sauran kasuwanni har yanzu da HDD suke zuwa. Amma ko a nan ba sai ka fita nema ba. Tun zamanin Windows Vista, tsarin yana yin difrag da kansa mako-mako. A Windows 10 da 11, rubuta Defragment and Optimize Drives a wurin bincike ka buɗe. Zai nuna maka ko ma'adanarka HDD ce ko SSD, da ranar da aka yi mata aiki na ƙarshe. Idan HDD ce zai yi mata difrag, idan SSD ce zai yi mata abin da ya dace da ita. Kyauta ne, babu talla, kuma kamfanin da ya ƙera tsarin ne ya rubuta shi.

Wani zai ce ai akwai manhajojin waje na gaske, irin su Defraggler da Auslogics Disk Defrag, masu nuna taswirar faifai da ba ka damar zaɓar fayil guda ka gyara. Haka ne, kuma mai aikin haɗa bidiyo a kan tsohuwar kwamfuta zai iya cin moriyarsu. Sai dai ga mai rubuta aikin makaranta da kallon fim, bambancin da zai gani bai kai kasadar ƙara wata manhaja mai cikakken iko a na'urarsa ba.

Kasadar kuwa ba tatsuniya ba ce. A 2017 masu kutse suka shiga tsarin kamfanin Piriform, wanda Avast ta saya a watan Yulin shekarar, suka dasa muguwar manhaja a cikin CCleaner, ɗaya daga cikin shahararrun manhajojin share kwamfuta a duniya. Gurɓataccen kwafin ya yi kusan wata guda ana sauke shi daga shafin kamfanin na ainihi, da sa hannunsa na gaske, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, kuma mutum sama da miliyan 2 suka saka shi. Kamfanin ya gyara daga baya. Amma ka tsaya ka yi tunani: idan haka ta faru da manhaja mai suna da adireshi, me kake tsammani daga kwafin da aka fasa, wanda wani ya tura maka a filasha ko ka samo a wani zauren Telegram?

Idan dai lallai sai ka saka ta waje, ga ma'aunin da nake ganin ya kamata ta tsallake. Ka sauko da ita daga shafin kamfaninta ko Microsoft Store, ba daga shafukan tara manhajoji ba. Ta iya bambance HDD da SSD. Kada ta lallaɓo da wasu manhajoji a bayanta lokacin sakawa, don haka karanta kowane shafi kafin ka danna na gaba. Kada ta tsorata ka da jan rubutu sannan ta nemi kuɗi. Idan kuma ta yi tayin share maka rajistar Windows, wato kundin da tsarin ke ajiye saitunansa, ka ƙi. Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan amfani da irin waɗannan masu share rajista.

Sai gargaɗi biyu da suka shafe mu kai-tsaye. Na farko, idan faifanka ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi, ko fayiloli suna ƙin buɗewa, kada ka yi masa difrag. Alamar mutuwa ce, kuma sa'o'in da zai yi yana wahala za su iya ƙarasa shi. Kwashe kayanka tukuna. Na biyu, kada ka fara wannan aiki a laftof mai mataccen batir da ke dogaro da wutar NEPA kaɗai. Gaskiyar da masu talla ba za su faɗa maka ba ita ce, babu difrag ɗin da zai ba tsohuwar kwamfuta gudun da sauya HDD da SSD zai ba ta. Idan kana da ɗan kuɗi, can ya kamata su tafi.

Manhajojin "ƙara gudu" a waya

A waya, magadan difrag su ne manhajojin da ke alƙawarin share shara, sanyaya batir da ƙara gudu. Babbar dabararsu ita ce rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage, sannan su nuna maka cewa RAM ta samu sarari. Amma Android da gangan take barin manhajoji a cikin RAM domin su buɗe da sauri idan ka dawo. Da zarar an kashe su, da yawa za su sake tashi da kansu, kuma wannan tashin ya fi cin batir a kan zaman da suke yi shiru. Daga Android 14 da ta fito a 2023, Google ta ma toshe wannan hanya: manhaja ba ta iya kashe aikin bayan fage na wata manhajar, sai nata. To, idan rokar nan ta tashi a allonka ta ce an ƙara gudu, me aka yi?

Ita ma "sharar" da suke gogewa, mafi yawanta ajiyar wucin gadi ce, wato hotuna da bayanan da Facebook ko Instagram suka adana don kada su sake sauko da su. Ka goge yau, gobe su sake saukowa, da datarka. A watan Fabrairun 2020 Google ta cire manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallace-tallace masu takura wa jama'a, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile, mai Clean Master da ta taɓa zama ruwan dare a wayoyin mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne izinin da irin waɗannan manhajoji ke nema: ganin duk fayilolinka, karanta sanarwa, wani lokaci har da izinin da aka tanada don taimaka wa masu buƙata ta musamman, wanda ke ba manhaja damar ganin abin da ke kan allonka da danna abubuwa a madadinka. A wayar da lambar sirrin banki ke shigowa ta saƙo, wannan daidai yake da ba baƙo makullin ɗaki don ya share maka tsakar gida.

Idan wayarka ta cika, hanya mai sauƙi tana nan. Shiga saitin WhatsApp, ɓangaren ma'ajiya, za ka ga manyan bidiyoyin da aka yi ta turowa a zauruka. A wayoyi da yawa su ne ɓarayin wuri. Yi amfani da sashen ma'ajiya na saitin wayar ko Files by Google. Cire manhajojin da ka yi watanni ba ka buɗe ba. Ka bar wa ma'adanar ɗan sarari, domin idan ta cika maƙil gudunta yana raguwa.

Sabuntawa: tsakanin sakaci da gaggawa

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya cewa, to shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta, ba zan ƙara taɓa komai ba har da sabuntawa. Wannan ma kuskure ne, kuma mai tsada. Ranar 12 ga Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Microsoft ta riga ta fitar da toshiyar wannan kafa tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin nan. Da yawa daga waɗanda abin ya ci ba su saka ta ba ne kawai.

A ɗaya gefen kuma, gyaran da kansa yana iya zama cuta. A farkon Oktoban 2018 Microsoft ta fitar da babban sabuntawa na Windows 10, sai wasu masu amfani suka tarar fayilolinsu na cikin jakar takardu sun ɓace. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya dakatar da shi, bai sake sakinsa ba sai 13 ga Nuwamba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu zumuɗin zuwa su jawo shi da hannunsu a ranakun farko. Sai kuma 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa mai matsala daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Wannan bai fito daga Windows ba, amma ya nuna abin da ke faruwa idan manhaja mai iko da zuciyar tsarin ta yi tuntuɓe.

Yadda za a haɗa waɗannan darussa biyu shi ne a gane cewa sabuntawa iri biyu ne. Akwai ƙananan toshiyar tsaro, irin waɗanda Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata, da waɗanda kamfanonin waya ke turowa lokaci-lokaci. Waɗannan ka saka su cikin 'yan kwanaki, kada su kwana maka wata. Akwai kuma manyan sauye-sauye, kamar tashi daga wata Android zuwa ta gaba, ko babban sabuntawar Windows na shekara. Waɗannan babu laifi ka jira mako ɗaya ko biyu, ka ji abin da masu irin wayarka sak suke cewa game da batir, zafi da kyamara. Windows tana ba ka damar dakatar da sabuntawa har kwana 35, kuma bayan babban sauyi tana ba ka kwana 10 ka koma baya idan abin bai yi ba. A waya kuwa komawa baya yana da wuya, kuma yawanci sai an goge komai, don haka a can jiran ya fi muhimmanci.

Kafin kowane babban sabuntawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafe hotuna da takardunka zuwa wani wuri daban, ko Google Drive ko filasha. Tabbatar batir ya haura rabi, ko na'urar tana jone da wutar da ba za ta ɗauke ba, domin yankewar wuta a tsakiyar aikin na iya hana ta tashi. Tabbatar datarka za ta kai. A Windows, ƙirƙiri wurin komawa da System Restore, kuma idan an kulle ma'adanarka da BitLocker, ka san inda makullin ceto yake. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. A waya, ka tabbatar kana tuna adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa. Masu gyaran waya a Farm Centre sun san yawan mutanen da ke zuwa bayan an yi wa waya filashin, ta tsaya tana neman asusun da mai ita ya manta.

Gyaran da ba daga kamfani ya fito ba

Akwai nau'i na uku da ya fi kowanne haɗari: gyaran da ka gani a bidiyon TikTok ko YouTube, inda wani zai ce kwafi wannan umarni ka liƙa, ko sauke wannan fayil ka danna. Idan ba ka san abin da umarni zai yi ba, kada ka ba shi ikon shugaban na'ura. Haka nan sabuntawa na gaskiya ba ya zuwa ta saƙon WhatsApp ko ta tallan burauza. A cikin saitin wayarka yake, ko a Windows Update. A watan Maris na 2021 masu bincike na kamfanin Zimperium sun gano wata manhajar leƙen asiri ta Android da ta sa wa kanta suna System Update, wadda ake samu a wajen Play Store, tana satar saƙonni da hotuna har da naɗar murya.

Wannan batu ya ƙara zafi tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirinta na ƙarin wa'adi. Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da tsofaffin laftof da yawa ba su da shi, don haka dabarun tsallake sharaɗin sun cika intanet. Wasu suna aiki. Amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta lamunce wa irin wannan na'ura samun sabuntawa ba. Wanda zai bi wannan hanya ya bi ta da ido buɗe, bayan ya kwashe kayansa, kuma da kwafin Windows daga shafin Microsoft, ba wanda wani ya yi wa kwaskwarima ba.

Ƙa'idar dai guda ce ga difrag, ga manhajar share waya, ga sabuntawa. Kafin ka danna, tambayi kanka abu uku: wa ya rubuta wannan abin, wace matsala takamaimai zai magance a irin na'urata, kuma idan ya ɓata, ina da kwafin kayana? Idan ka rasa amsar ko da ɗaya, janye yatsanka. Wayar da ke ɗan nauyi za ta kai ka gobe, amma aikin kammala digirin da ya ɓace babu kwafi, babu maɓallin da zai dawo da shi.